Wayar da ba ta barci



Akwai tambayar da iyaye ke yawan yi wa malamai da likitoci a 'yan shekarun nan: awa nawa ya kamata yaro ya yi a kan waya? Uba yana so a yanke masa lamba, a ce biyu ko uku, ya koma gida ya kafa doka. A ganina wannan tambaya ba ta kama bakin zaren ba. Yara biyu za su iya yin awa hurhuɗu a waya rana guda, ɗaya ya yi sallarsa a kan lokaci, ya je makaranta, ya kai aike, ya ci abinci da mutane, ɗayan kuwa al'amuransa sun fara kwancewa ɗaya bayan ɗaya. Abin dubawa shi ne me wayar ta ture ta zauna a gurbinsa, sannan in an ce ajiye, yana iyawa ko ba ya iyawa. Zan daɗe a kan dare, domin a can ɓarnar ta fi yawa, lokacin da babu mai gani.

Ku ɗauki gida irin namu na cikin unguwa. Ƙarfe sha ɗaya an kulle zaure, an ɗauke wuta, maigida ya kwanta, uwargida ta gama kintsa madafi ta shige ɗaka. A ɗakin samari kuwa yanzu gari ya waye. In ka leƙa ta taga, haske kawai za ka gani a fuskoki, kowa da tasa, kunne a toshe. Wannan yana wasan harbe-harbe na Free Fire da abokan da bai taɓa gani ido da ido ba, wancan yana bin bidiyon TikTok, na gefe yana sauke fim ɗin Indiya mai fassara. A ɗakin 'yan mata, an ja bargo an lulluɓe har ka don kada hasken ya fita, ana karanta littafin soyayya da marubuciya ke sakowa shafi-shafi a zauren WhatsApp, kuma kullum sai ta datse labarin a daidai inda rai ke son ci gaba.

Me ya sa sai da dare? Amsar ba ta da wuya. Kamfanonin sadarwa a Najeriya sun daɗe suna sayar da datar dare da araha, daga wajen sha ɗaya ko sha biyu zuwa asuba, saboda a lokacin layukansu babu cunkoso. Su lissafin kasuwa suka yi. Amma wa ya fi buƙatar data mai araha? Wanda aljihunsa ba nauyi. Ɗan sakandare ke nan, mai tara kuɗin tara, ya haƙura da ƙosai ko awara a makaranta don ya samu na sayen data da na mai caji. Da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a farashin kira da data a watan Janairun 2025, sai datar rana ta ƙara yi wa mai ƙaramin ƙarfi nisa, ta dare ta ƙara kyau a ido. Kuma kada iyayen yau su yi kamar abin baƙo ne. Waɗanda suka yi samartaka bayan shigowar wayar salula a 2001 ba su manta da kiran dare na kyauta ba, lokacin da ake kwana ana hira har ladan ya yi kiran farko. Bambancin shi ne wancan sai da mutum a ɗaya ɓangaren, kuma mutum yana gajiya, barci ya sace shi, hirar ta mutu. Wannan ba ta gajiya.

To sai gari ya waye na gaskiya. A buga ƙofa sau uku kafin a ji motsi. Sallar asuba ta zama ta hantsi, ko a yi ta ido a rufe. A aji, malamin darasin farko ya san hoton sarai: kai a kan tebur, ido ja, a tambaye shi abin da aka faɗa yanzu-yanzu ya yi zuru. Da la'asar malamin Islamiyya ya karɓi hadda, ya ga shafin da yaron ya riƙe jiya da kyau yau ya zube. Ba 'yan makaranta kaɗai ba. Ku tambayi masu gareji da teloli da kafintoci. Maigidan gareji yana ƙarƙashin mota yana kiran sifana mai lamba goma sha biyu, yaron da zai miƙo yana bayan bango yana dariya shi kaɗai. Uwa ta ɗora wa 'yarta tukunya ta fita barka, ta dawo ƙauri ya cika gida. In an yi magana amsar ɗaya ce a kowane gida: "Yanzu zan ajiye, Umma." "Minti biyar kawai, Baba." "Aikin makaranta nake dubawa."

Batun barci ba ƙaramin abu ba ne a wannan shekaru. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ce matashi ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10 a kowane dare. Ga kuma wani abu da iyaye da yawa ba su sani ba: da yaro ya fara balaga, agogon jikinsa yana ja baya. Sinadarin da ƙwaƙwalwa ke saki don ta kira barci, wanda ake ce wa melatonin, yana makara fiye da yadda yake fitowa a jikin ƙaramin yaro. Wato tun kafin waya ta shigo, matashi mai jinkirin barci ne a halittarsa. Sai ka ƙara masa haske a ido, wanda ke ƙara jinkirta sinadarin, sannan ka ƙara masa abin da ke tayar da hankali, faɗa a zaure, saƙon budurwa, wasan da aka kusa cinyewa. Mu kuwa a ƙasar Hausa ranarmu da wuri take farawa, asuba ba ta jiran kowa. Yaron da ya kwanta ƙarfe biyu ya tashi biyar da rabi, ku yi lissafin da kanku. Kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke ɗaure abin da aka koya da rana. Haddar da ta zube ba lallai daƙiƙanci ba ne, ba a ba ta daren da za ta zauna ba ne.

Sai mu zo kan wayar kanta. Ina yawan jin ana cewa yaran yanzu ba su da tarbiyya, ba su da kamun kai. Akwai ƙamshin gaskiya a wasu gidajen, amma adalci shi ne a faɗi da wa yaron ke kokawa. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai taka wa mutum birki ya ce masa ya isa haka, ba ya gama nuna sai an haura shekara ashirin da 'yan kai. Sashen son daɗi da son yabo kuwa tun farkon balaga yake kan ganiyarsa. A ɗaya ɓangaren ga kamfanoni masu dukiyar da ta fi kasafin kuɗin ƙasashe da yawa, sun tara ƙwararru, aikinsu ɗaya: kada ka ajiye wayar. Kuɗinsu daga talla yake fitowa, talla kuwa sai ido yana kai.

Dabarun ba a ɓoye suke ba. Tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, B.F. Skinner, ya gwada tantabaru da ɓeraye, ya gano cewa in dabba ta san duk lokacin da ta danna abu hatsi zai faɗo, tana dannawa ne gwargwadon buƙata. In kuwa wani lokaci ya faɗo wani lokaci bai faɗo ba, ba ta san yaushe ba, sai ta yi ta dannawa ba ƙaƙƙautawa. A kan wannan aka gina injinan caca, kuma a kansa aka gina shafin da ɗanka ke shafawa da yatsa. Bidiyo biyar ba daɗi, na shida ya ba shi dariya har da hawaye, to wa ya san na bakwai? A 2006 wani mai ƙirƙirar manhaja, Aza Raskin, ya fito da tsarin nan na shafin da ba ya ƙarewa, kana ja yana zuwa. Daga baya shi da kansa ya fito ya nuna nadama. Kwanon tuwo yana da gindi, in hannunka ya taɓa ƙasa ka san ka gama, ka tashi ka wanke hannu. Wannan kwanon an cire masa gindi da gangan. A 2017 Sean Parker, shugaban kamfanin Facebook na farko, ya faɗa a bainar jama'a cewa sun san suna amfani da wani rauni ne na halittar ɗan Adam, son a yaba masa, kuma suka ci gaba. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida, ta kuma ba da shaida a gaban majalisar dattawan Amurka. Takardun sun nuna binciken kamfanin da kansa ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na 'yan matan da aka tambaya sun ce in suna jin ba sa son surar jikinsu, Instagram na ƙara dagula musu lissafi. A watan Oktoban 2023 jihohin Amurka sama da 40 suka maka kamfanin, wanda yanzu ake kira Meta, a kotu kan zargin jefa yara cikin jarabar shafukansa.

Yanzu yaushe ne son waya ke zama ciwo? A nan sai a yi hattara, don ba duk yaron da ke son wayarsa ba ne majinyaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da jarabar wasannin bidiyo cikin kundinta na cututtuka, aka amince da shi a 2019, ya fara aiki a watan Janairun 2022. Ku lura da ma'aunin da ta kafa, babu lissafin awa a ciki. Ta ce a duba ko mutum ya kasa sarrafa kansa a kan wasan, ko wasan ya sha gaban sauran al'amuran rayuwarsa, da kuma ko yana ci gaba alhali yana ganin ɓarnar da idonsa. Sannan sai abin ya yi tsananin da ya taɓa karatu ko aiki ko zaman iyali, kuma galibi ya ɗauki kamar shekara guda. Wasannin bidiyo kaɗai wannan hukunci ya shafa, amma masu bincike da irin wannan sikelin suke auna shafukan sada zumunta. Ofishin hukumar na Turai ya fitar da rahoto a watan Satumban 2024, bayan an tambayi yara kusan 280,000 'yan shekara 11 da 13 da 15 a ƙasashe da yankuna 44. Masu alamun kasa rabuwa da shafukan sada zumunta sun tashi daga kashi 7 cikin 100 a 2018 zuwa kashi 11 a 2022. 'Yan mata sun fi yawa a nan, kashi 13, samari kashi 9. A wasannin bidiyo kuma samari ne a gaba. Alƙaluman na can ne, amma rabon bai saɓa wa abin da muke gani a ɗakunanmu ba.

Masana ba bakinsu ɗaya ba, kuma gara ku ji wannan daga gare ni. Akwai irin su Jonathan Haidt na Jami'ar New York, wanda littafinsa na 2024 ya yi tashe, yana ɗora wa wayar zamani alhakin hauhawar damuwa da ƙuncin rai a tsakanin matasan Amurka tun farkon shekarun 2010. Akwai kuma irin su Amy Orben da Andrew Przybylski, waɗanda a 2019, suna Jami'ar Oxford, suka tace bayanan matasa sama da 350,000, suka ce alaƙar yawan amfani da na'ura da walwalar matashi 'yar ƙarama ce ƙwarai, ba ta kai kashi ɗaya cikin 100 ba, har suka ce ba ta fi alaƙar cin dankali da walwala da wani abin kirki ba. Mai sauraro zai ce to wa za mu bi? Wani bincike da mujallar likitoci ta JAMA ta buga a watan Yunin 2025 ya warware mini wani ɓangare na ƙullin. An bi yara sama da 4,000 a Amurka tun suna 'yan shekara tara zuwa goma, har tsawon shekara huɗu. Yawan awannin da yaro ke yi a gaban na'ura a farkon binciken bai nuna wanda zai shiga matsala ba. Waɗanda suka shiga haɗari su ne masu alamun jaraba, masu cewa sun kasa ajiyewa, hankalinsu na tashi in an raba su da ita, suna fakewa da ita don su manta damuwa. Su ne haɗarin tunanin hallaka kai ko yunƙurinsa ya ƙaru musu sosai. In ka auna awa kawai, ka haɗa mai koyon ɗinki a YouTube da wanda ya kasa barci a kwando ɗaya, dole lissafin ya fito ba ɗanɗano.

Gwamnatoci sun gwada ƙarfin doka, kuma labarin Koriya ta Kudu ya isa a tsaya a kansa, don su ma dare suka tasa a gaba. A 2011 suka kafa dokar da ta hana duk ɗan ƙasa da shekara 16 shiga wasannin intanet daga sha biyun dare zuwa shida na safe. Da lokaci ya yi, kamfani zai rufe wa yaro ƙofa. A takarda abin ya yi kyau. A aikace yara suka koma shiga da lambar shaidar iyayensu. Sannan dokar wasannin kwamfuta ta kama, ba ta shafi na waya ba, yara kuwa suka yi ƙaura zuwa waya. Masu binciken da suka auna tasirinta sun ga ƙarin barcin da aka samu bai kai minti biyu ba. Bayan shekara goma, a 2021, gwamnati ta soke dokar, ta mayar da ragamar hannun iyaye. Ƙasar Sin ta fi tsanantawa. A 2019 ta kayyade wa 'yan ƙasa da 18 minti 90 a ranakun makaranta, a watan Agustan 2021 ta rage zuwa awa ɗaya tak, takwas zuwa tara na dare, a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Kamfanin Tencent har na'urar tantance fuska ya sa don kama yaran da ke shiga da sunan manya cikin dare. Duk da haka wani bincike da aka buga a 2023, wanda ya duba awannin wasa sama da biliyan bakwai, bai ga alamar dokar 2019 ta rage masu wuce gona da iri ba. Ostareliya ta bi wata hanyar. A watan Nuwamban 2024 majalisarta ta haramta wa 'yan ƙasa da 16 mallakar shafi a manyan dandalin sada zumunta, dokar ta fara aiki ranar 10 ga Disamban 2025, kuma ba yaro ko ubansa ake hukuntawa ba, kamfanin da ya yi sakaci ne zai biya tarar da za ta iya kai dalar Ostareliya miliyan 49.5. Wannan ɓangaren ya burge ni, don ya kai ƙara inda kuɗin yake. Faransa kuwa tun 2018 ta hana waya a makarantun firamare da ƙananan sakandare, wanda a ganina shi ne mafi sauƙin aiwatarwa, domin makaranta tana da ƙofa, tana da maigadi.

In ƙasar da ta san lambar kowane ɗan ƙasarta ta kasa kwantar da yara da doka, sai mu rage dogon buri a kan abin da wata hukuma za ta yi mana. Mu dawo gida.

Abin da muka fi iyawa shi ne ƙwace. Rai ya ɓaci, a fizge waya, wani uban ma ya rotsa ta da ƙasa, a biyo da bulala. Kwana uku gida ya yi tsit, a ce an yi maganin abin. Ba a yi ba. Yaron zai ari ta aboki, ko ya lallaɓa ya ɗauki ta Umma in ta yi barci, don shi ya sa mata lambar sirrin tun farko. A ɓangaren 'yan mata akwai wata ƙofa da rubuce-rubucen Turawa ba su san da ita ba, wayar da saurayi ke saya wa budurwa. Ka ƙwace wadda ka sani, wata ta shigo a cikin jakar Islamiyya, kuma wannan ta biyun ta fi haɗari nesa ba kusa ba, domin a ɓoye take, kuma wanda ya saya yana ganin yana da iko da mai riƙe da ita. In wani abu ya faru a cikinta, wani ya yi mata barazana da hoto, ko ya yaudare ta, ba za ta iya zuwa ta ce "Umma, ga abin da ya same ni" ba, don faɗin haka tonon asirin wayar ne. Haka yaron da ya faɗa cacar ƙwallo ta waya, ya cinye kuɗin makaranta ko cinikin shago, zai yi ta rufe rami da rami har sai abin ya fi ƙarfinsa.

Sannan akwai tambayar da ba ma son yi wa kanmu: in ka karɓe wayar, me ka ba shi? Mu da muka tashi da dandali, da langa da gaɗa da tatsuniya a farin wata, ina dandalin yanzu? Filin ƙwallon unguwa an yanka an yi shaguna. A garuruwa da yawa rashin tsaro ya sa da an yi magariba kowa ya tattara 'ya'yansa ciki, kuma da gaskiyarsa. A 2020 annobar korona ta rufe makarantu watanni. A 2022 yajin aikin malaman jami'a ya zaunar da ɗalibai wata takwas cur. Ga dubban yaran da suka gama sakandare suna zaman jiran sakamakon JAMB, ba karatu ba sana'a. Yarinya budurwa kuma sau da yawa daga makaranta sai ɗaki. Mun rufe ƙofofi da yawa, wasu bisa dole, taga ɗaya ta rage a buɗe, sai muke mamakin ganin kowa ya taru a bakinta. Wani lokacin ma wayar mafaka ce. Gidan da kullum faɗa, ko yaron da ake tsangwama a makaranta, ko wanda ya faɗi jarrabawa ake masa gori, in ka ga ya nutse a waya, wataƙila ciwon ya riga wayar zuwa.

Ba kuma za mu iya raba su da ita baki ɗaya ba, ko mun so. Jarrabawar JAMB tun 2015 a kwamfuta ake yin ta. Yara nawa ne suka koyi gyaran waya, ko haɗa turare, ko zanen kwamfuta a YouTube? 'Yan mata nawa ke sayar da atamfa da kayan ƙamshi a WhatsApp suna rufa wa kansu asiri? A cikinta ake sauraron tafsiri da ƙira'a. Yaron da aka hana shi taɓa na'ura kwata-kwata, ranar da zai zauna gaban kwamfuta a ɗakin jarrabawa hannunsa rawa zai yi.

Shi ya sa na fi karkata ga abu ɗaya mai sauƙin faɗa, a raba waya da ɗakin kwana. A yi yarjejeniya da rana, rai kwance, ba a tsakiyar faɗa ba. Bayan isha'i da ɗan lokaci, ko ƙarfe goma, duk wayoyin gida su kwana wuri ɗaya, a ɗakin Umma ko na Baba. Za a ce da ita ake tashi da asuba, to agogo mai ƙararrawa yana nan a kasuwa, ladan ma bai daina kira ba. Za a ce datar dare za ta ƙone, to a sa abin da ake son saukewa ya yi ta sauka wayar tana can a ajiye, da safe a kalla. In uba yana da hali, gara ya saya wa yaro 'yar datar rana da kansa, da ya bar shi ya biya da barcinsa. Akwai kuma manhajoji irin su Family Link na Google da ke ba uba damar kulle wayar yaro a wani lokaci. Suna taimakawa, amma kada a jingina da su, yaran sun fi mu sanin lungunan wayar. Ko TikTok da ya sa iyakar minti 60 ga 'yan ƙasa da 18 a 2023, matashi na iya sa lamba ya wuce, wanda kuma ya ƙara wa kansa shekaru wajen rajista iyakar ba ta ma san da shi ba.

Sai dai yarjejeniyar nan tana da ƙaya, kuma a ƙafar manya take. Na ce duk wayoyin gida. Uban da ke cin tuwo da hannu ɗaya yana latsa waya da ɗayan, yaro ya gaishe shi ya amsa bai ɗago ba, uwar da ke raba dare tana bin fim mai dogon zango ko gulmar zauren 'yan uwa, da wane baki za su yi magana? Kuma mu muka fara. Yaro ɗan shekara biyu ya yi kuka, mu miƙa masa waya ya yi shiru, mu samu mu yi aiki. Bayan shekara goma sha biyu mu dawo muna salati. In ɗanka ya ce maka "Baba, kai ma ai kana yi," kada ka ce rashin kunya ce kawai. Ka amsa masa da aiki, ka ɗora taka a kan tasa.

Akwai kuma inda abin ya wuce na gida. In yaro ya daina zuwa makaranta ko wurin sana'a saboda waya, ya daina wanka da cin abinci a kan lokaci, ya janye daga abokai na zahiri, yana ɗaukar kuɗin da ba nasa ba don data ko caca, in an taɓa wayar ya fita hayyacinsa har ya ɗaga wa mahaifiyarsa hannu, ko kuma, wannan shi ne mafi girma, ya fara furta cewa ya gaji da rayuwa, to a haɗa addu'a da zuwa asibiti, kuma kada a jira. Ganin likitan ƙwaƙwalwa ba ya nufin an ce ɗanka ya haukace. Akwai asibitocin gwamnatin tarayya na wannan fanni a Barnawa ta Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri, akwai sashensa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da sauran asibitocin koyarwa. Likita zai duba har abin da ke ƙarƙashin jarabar, ko ciwon damuwa ne, ko fargaba, ko wani abu da yaron ya kasa faɗa a gida. In za a je, a tafi da bayanin ƙarfe nawa yake kwanciya da ƙarfe nawa yake tashi na kamar mako biyu, don yana cikin abubuwan farko da za a tambaya.